Rabin Minti

Shekara talatin ina dillancin albasa a Aliero,
bakina shi ne jarina.
Da shi nake cika tirelar Anacha
ban ɗaga ko buhu ɗaya ba.

Sai ran da na sunkuya
in raɗa wa Tsahara sirri a kunne,
jikata, 'yar shekara huɗu.
Ta toshe hanci da yatsu biyu:
"Kaka, rumbu ya ruɓe a bakinka."
Uwarta ta ɗaga hannu, na tare.
Yarinyar ba ta cin la'ada,
me za ta samu a ƙarya?

A daren na yi lissafin da ban taɓa yi ba:
yadda Alhaji Bagudu ke ja da baya in muna ciniki,
ni kuwa ina cewa salon taya ne;
da kanumfarin da yaron mota ke miƙo mini
ban roƙa ba.

Ran kasuwar Jega na faɗa kemis ɗin Nomau.
Ga kwalaben kurkure baki a jere,
kore, shuɗi, da wani ja kamar zoɓo.
Na nuna mafi tsada.
Ya ce, "Dillali, da kyan buhu kake sayen albasa?
Juya bayanta, duba ranar mutuwarta,
duba lambar hukuma.
Wannan da barasa a ciki, busar da baki take, ajiye.
Waccan ta masu ciwon dasashi ce,
sai likita ya ce, kuma in an daɗe tana rina haƙora."
Na ce goro ya riga ta.
Bai yi dariya ba.
"Turare ba ya wanke riga.
Asuwaki ko buroshi tukuna, har bisa harshe.
Wancan turmin kuma da ya yi kogo,
ba kwalbar da za ta cike shi,
kai shi asibiti Birnin Kebbi."

Na dawo da koren, mai ƙamshin na'a-na'a.
Cikin murfi ɗaya, safe da dare.
Ba a haɗiya, ba a bin sa da ruwa,
a guntsa, a kaɗa, a ƙirga talatin, a tofar.
Mazauninsa can saman kwaba
inda hannun Tsahara bai kai.

Talatin ɗin nan ita ce wahalar.
Kumatu a kumbure, ido na ƙwalla,
waya na kuka a aljihu,
farashi na hawa da sauka ba da ni ba.
Kulu ta leƙo daga madafa ta ce
tun da aka kawo ta gidan nan
ba ta ji shiru irin wannan ba,
ko akwai babbar kwalba?

Jiya Tsahara ta hau cinyata,
ta shinshina, ta yi nazari kamar mai taya kaya.
"Alewa ka sha. Ina tawa?"

Kogon dai yana nan.
Na ce sai an kwashe albasar bana.
Harshena kullum sai ya je ya leƙa shi,
ya dawo bai ce komai ba.