Layi Uku a Takardar Tasi'u

Karo na huɗu ke nan Tasi'u yana zuwa
ɗakina na sha-ka-tafi a Gwammaja,
katinsa ya yi laushi kamar tsohuwar naira ashirin.
Kai, in ji shi. Ƙirji.
Wani abu yana yawo a ƙarƙashin fata.

Mun ɗebi jini, babu zazzaɓi.
Taifot babu, suga ƙalau.
Na ɗaura masa awo a damtse, ya hau kaɗan,
irin hawan da kowa ke yi in wata ya yi nisa.

Sai na ajiye biro.
Na ce, yaushe rabonka da barci?
Ya ɗaga kai yana kallon fankar da ba ta juyawa.
Hansatu ce ta amsa daga bakin ƙofa, da goyo:
tun ranar Ƙofar Nasarawa, Sista.

Tirela ce ta gogi adaidaitarsa.
Shi ko ƙwarzane.
Dattijon da ya ɗauko kuwa a cinyarsa ya cika,
da kuɗin motar a dunƙule a hannu.
Wata biyar. Odar mota ta sa shi kyarma,
mai keke ya karɓe mukulli,
tuwo ya kwana ya zama ɗumame, ɗumamen ma ya kwana.

An yi rubutu ya sha, an yi turare.
Kawunsa ya ce hannu ne.
'Yan majalisa suka ce, haba, kai fa namiji ne.
Mai kemis ya ba shi ƙwaya ja da fara,
ta kwantar da jiki ta bar ido a buɗe.

Na ce zan tura ka wurin masu aikin.
Da ya ji Dawanau sai ya miƙe tsaye:
Sista, ban taɓa jifan kowa ba,
ban yaga riga ba, ina sallata.

Zauna, Tasi'u.
Wanda ya je Dawanau sayen gero
ba a ce masa mayunwaci.
In injinka ya ƙi tashi, mai faci kake kai wa?
Ni mai faci ce a nan.
Mutum arba'in ke jirana a benci,
can kuwa za a ba ka kujera da lokaci,
a tambaye ka, a saurara har ka kai aya,
sannan a ga ko magana ce maganin,
ko magana da magani tare.

Layi uku aka bar mini a takardar turawa.
Ta ina dattijo zai shiga layi uku?
Na rubuta rashin barci, firgita, ƙin abinci.
Saura tambayar da ke yi mini nauyi a harshe,
na dai yi ta:
ka taɓa jin gara a ce ba ka duniya?

Shiru ya yi tsawo har na ji mai rake yana talla a waje.
Ya nuna goyon da haɓa.
Don wannan ne kawai, in ji shi.

Na ja layi biyu ƙarƙashin gaggawa,
na buga hatimi, tawadar ta kusa ƙafewa.
A bayan takardar na sa lambar wayata,
abin da ba kullum nake yi ba.
Ya ninke ta huɗu ya cusa a hula.
Hansatu ta tambayi kuɗin mota, zuwa da dawowa,
tana ƙirga a yatsu.

Da yamma na hau adaidaita zuwa Kurna,
ina kallon ƙeyar direba,
ina tunanin shi kuma me ya ɗauko da ba ya sauka.

Ran Laraba da hantsi waya ta yi ƙara ta katse.
Na kira.
Hansatu ce, ga hayaniyar mutane:
an ba mu lamba sha bakwai, Sista.
Yana nan zaune.
Bai gudu ba.