Hannu a Gefen Hoto

Shekara goma sha ɗaya ina gadin wannan ƙofa.
Baƙi uku na buɗe wa, uku na rufe a bayansu.
Na ƙarshensu, Mushe Lotar, ya zo da taswirar Damagaram,
Birni da jan alƙalami, Zango da shuɗi,
Kara-Kara kuwa ya kewaye ta har sau biyu.
Hausarsa ta littafi ce, wankakkiya, ba gishiri.
Ya yi wa Hajiya Zuwaira ina kwana bayan la'asar,
ta amsa masa, don ba a kunyata baƙo.

Tsallaken titi, gindin dogon yaro,
Barnaba ke faci.
A garin da ɗan garuwa ya fi mai goro daraja,
ruwan daro guda yakan kai shi mako.
Ya nutsa robar taya, ya sunkuya, ya yi shiru,
sai kumfa ta faɗa masa inda iska ke gudu.
Haka na ga yana yi da mutane.

Ni Musulmi ne, ban taɓa shiga majami'arsu ba
sai ran da rufi ya yi yoyo, na kai musu tsani.
Amma ido ba ya azumi.
Na ga wanda ke gaba in za a shiga lungu,
wanda ke cewa, Mushe, tuɓe takalmi a nan,
gidan can an yi rasuwa, kar ka ciro takarda,
zauna kawai, in an miƙo ruwa ka sha,
ko da ɗumi, ko da ja.
Ya san wadda ta jinginar da tukunyarta a watan jiya,
ya san yaron da ya bar lakwal
ya koma jera kwalaben fetur a bakin hanya,
ya san sunan kakar yaron, da abin da take tsoro.
Wannan ba a zana shi a taswira.

Da Sabi'u ɗan kabu-kabu ya karye a kwanar Kasuwar Dole,
motar Mushe ce ta kai shi asibiti, ba na ɓoyewa,
kuɗin Mushe ne ya sayi allura.
To, kwana tara fa?
Wa ya shimfiɗa tabarma a gefen gado,
yana juya shi, yana fitar da fo kafin asuba,
rumfarsa a rufe, ciniki yana wucewa?

Dab da tafiya aka aiko mujalla daga ƙasarsu.
Ga Mushe a tsakiya, ga yara sun yi masa zobe,
can a gefen dama hannu guda,
baƙi ƙirin da gam da man inji,
yana dafe da kafaɗar wani yaro.
Sauran mutumin an yanke shi.
Na tsallaka na nuna masa, raina a ɓace.
Ya duba, ya yi dariya har da tari,
ya ce, Malam Issufu, ai sun ɗauki inda ya fi kyau.

Ba zan ci naman Mushe ba, mutumin kirki ne.
A tasha ya yi kuka kamar yaro,
ya danƙa wa Barnaba mabuɗi, ya ce,
da ba don kai ba, da har yau ina kan takarda.
Shi yana da tikitin komawa.
Wannan kuwa cibiyarsa a Garin Malam aka binne,
kabarin uwarsa na bayan duwatsu,
in gari ya yi zafi, da shi zai yi.

Yanzu ciyawa ta fito a inda mota ke kwana.
Lahadi da yamma yakan rufe rumfa,
ya wanke hannu da ragowar ruwan daro,
ya ɗauki littafinsa da ke naɗe a leda,
ya ce, Malam, duba mini famfo kafin in dawo.
Ya shige lungu, yara na kiran sunansa.

Nakan duba.