Wuƙaƙen Baba Jatau

Ran da hannun Baba ya fara rawa
ya kira ni zaure, ya shimfiɗa buzu:
wuƙa bakwai, da barandami guda.

"Zare su daga kube," in ji shi.
"Fata munafuka ce.
Da rani ta rantse miki ta bushe,
Agusta na yi, ta sha raɓar Binuwai
ta shayar da ƙarfe a ɓoye."

Na dirje su da toka, na shanya
har suka yi zafin da ba a taɓawa.
Na ɗauko man gyaɗa, ya ce a'a,
wannan danƙo yake yi in ya kwana biyu,
je ki wurin tela Hamajoda ki roƙo man keke.

Kowace da tsummanta,
kada baki ya taɓa baki.
Gawayi uku a gindin akwati,
akwatin bisa bulo, nesa da bango.

Shekara huɗu ke nan da muka kai shi.
Mahautan Garwa sun daina ambatonsa.
Duk farkon damina nakan buɗe, in sake shafawa.
Bana ƙaramar ta fito da ɗigon tsatsa
daidai inda babban yatsansa ke zama.

Na daɗe riƙe da tokar.