Manhaja Uku a Khovd

Malama Oyuntuya ta kashe fitila ɗaya, ta bar ɗaya.
Ƙanƙara ta liƙe a gilashin taga.
Kwamfuta sha ɗaya a ajin,
biyu ba sa tashi sai da lallashi.

A wayarta akwai muryar tsoho Dorjsuren,
minti arba'in yana kiran launin dawakai,
kowanne da sunansa.

Manhajar farko ta iya kwalliya,
tana juya doki ta kowane gefe,
amma duk ƙarshen wata sai ta miƙo hannu.
Ta biyu ba ta motsi sai da intanet,
intanet ɗin garin kuwa baƙo ne,
ba ya sallama in zai tafi.
Ta uku ba fasali,
akwatuna ruwan toka, rubutu ƙanana.

A cikinta ta ɗora hoton wani akawal,
ta ɗaura masa muryar,
ta kira Temuulen, ɗan mai gadi,
da ke gasa tafin hannu a jikin murhu.

Ya taɓa.
Tsohon ya yi tari, sannan ya faɗi sunan.
Yaron ya sake taɓawa,
don tarin.

Ba ta yanke tarin ba.
A takardar shugaban makaranta ta rubuta: ta ukun.