Karatu Kawai

Da aka raba kayan Baba bayan arba'in,
Yaya Tasi'u ya ɗau babur, Ladidi ta ɗau firji,
ni kuwa aka miƙo min wani ɗan baƙin abu
bai fi sabulun wanki ba,
kebul ɗinsa a naɗe da robar ɗaurin kuɗi.
Aka ce hotunan Fagge ne a ciki,
duk fuskar da ta taɓa zama a kujerar shagonsa.

Da dare na jona shi a kwamfutar da ya bari.
'Yar fitilar ta ƙyafta ido,
cikinsa ya hau gurnani ƙasa-ƙasa kamar mage a cinya.
Sai wata 'yar taga ta buɗe,
ba sallama, ba ya haƙuri:
Shigar da kalmar sirri.

Na rubuta sunan Inna. Ta ƙi.
Na rubuta lambar shago, da shekarar da ya sauke farali,
da sunan kulob ɗin da yake zagi amma bai fasa kallo ba.
Kowane harafi na danna sai ya koma ɗigo,
kamar ni ma ana ɓoye min abin da na faɗa.
Daga ƙarshe, da kunya, na sa sunana.

Ba ka da izini.

Ni da nake faɗa wa ɗakinsa da gudu, ko takalmi ban cire ba.

Washegari na hau Adaidaita zuwa Titin Beirut.
Nafi'u mai gyara yana cin gurasa da hagu a aljihu,
janareton maƙwabta na haɗiye rabin maganarsa.
Ya ce, faifan nan lafiyarsa ƙalau,
na'urar ce ba ta san ka ba.
Mai gida ɗaya ta rubuta, duk wanda ya zo bayansa baƙo ne.
Ba ta san gado ba, ba ta san alƙali ba,
ba wanda ya je ya yi mata ta'aziyya.
Zan shigar da kai ta ƙofar baya,
amma karatu kawai: ba gogewa, ba ƙari.
Dubu uku.

Ya buɗe.
Amare, 'yan fasfo da wuya a sandare,
'yan ƙwallon layinmu, rabinsu yanzu da furfura,
wani tela da ya ara agogo don hoto.
Can ƙasa wata jaka, an sa mata suna Kar A Taɓa.

Ni ne a ciki, ina ɗan shekara bakwai.
Hoto goma sha huɗu, ba ko ɗaya mai kyau:
nan na rufe ido, nan na juya,
nan hannunsa ya shigo ta gefe yana gyara min hula.
Ya rubuta Sagiru da kuskure, harafi ɗaya ya tsallake.

Na kai hannu in gyara.
Tagar ta sake fitowa, ta nemi kalmar mai gida.

Nafi'u ya ce, in kana so a kwafe maka a sabo,
ya zama naka, ka yi yadda ka ga dama.
Na dubi sunan nan mai giɓi.
Na ce a'a, bar shi.
Ya zare kebul, fitilar ta mutu,
faifan da ɗumi a tafina har Ƙofar Mata.