Rumbun da Gara Ba Ta Sani Ba

Akwatin kakana ya iso Aboabo a bisa kai,
daga Salaga, da ƙafa, a ayarin fatake.
Ni na buɗe shi ranar Laraba bayan ruwa ya ɗauke,
laimar Kumasi ta manne takardu kamar ganyen goro.
Gara ta riga ni karatu:
ta cinye cikin wasiƙa,
ta bar mini gaisuwa, da “bayan haka”.

Bayan haka me, Malam Gariba?

A laburarenmu, saman shagon mai ɗinki,
akwai kwamfuta ɗaya, tsohuwa, mai tari in an kunna.
Mumuni ya zuba mata manhaja, ya ce ba a biyan ko sidi.
Na ce, banza ba ta kai zomo kasuwa.
Ya ce, wannan rijiyar gayya ce, Fuseina,
wasu suka haƙa, suka bar bakinta a buɗe,
mai guga ya ɗiba,
mai gani tsagewa ya kawo kwaɓaɓɓiyar ƙasa.

Sai na fara.
Shafi, haske, hoto. Shafi, haske, hoto.
Manhaja tana tambaya kamar alƙali:
Wa ya rubuta? Ban sani ba.
Wace shekara? Takarda ta ce,
“shekarar da kwalekwale ya kife da huhu arba’in.”
Na rubuta haka nan.
Ba ta yi gardama ba, ta karɓa.

Amma ta ƙi ƙa, ta ƙi ɗa, ta ƙi ɓa.
In na nemi ƙasa sai ta miƙo mini kasa,
ɓarawo da barau duk ɗaya a wurinta,
ajami kuma ta jera shi daga hagu
kamar mai sa riga a baibai.
Mumuni ya kwana uku da shayi da burodi
yana tonon cikinta, tun da ba a kulle ba.
Ya gyara, ya aika gyaran can inda ban san suna ba.
Da asuba wata mata ta amsa daga ƙasar sanyi,
kalma biyu: mun gode.
Yanzu lanƙwasar harafinmu tana tafiya
a laburaren mutanen da ba su taɓa cin goro ba.

Wuta takan ɗauke. Nan Kumasi ne.
Nakan zauna cikin duhu ina jin turoturo suna kiran Kejetia,
gabana ba ya faɗuwa,
don kwafi ɗaya yana nan, ɗaya a Ankara,
ɗaya a aljihun jakar da nake kwana da ita.
Kowane dare manhaja tana ƙirga shafuka
kamar mai kiwo a bakin garke,
in ɗigo ɗaya ya ɓace sai ta tashe mu.

Jiya Hajiya Memuna ta hawo bene, tana hutawa a kowane taki.
Ta ce a nemo mata babanta.
Na buga Sallau mai jaki.
Ga shi: shafi na sittin da biyu, tawada ta koma ja,
ana binsa sule uku da sisi, kuɗin gishiri.
Ta yi dariya har ta share ido da mayafi,
ta kwance bakin zane,
ta ce wa zan biya?

Ban karɓa ba.
Na dai buɗe gurbin bayani na ƙara layi:
’yarsa ta zo, ta yi niyya.

Wasiƙar nan kuwa har yau rabi ce.
Na ɗora ta yadda take, da ramukanta,
ko wani a Yendi, ko a Kano,
yana riƙe da amsar da aka mayar,
ya buɗe wata rana ya ce mana
abin da ya zo bayan haka.