Baƙi a Garinmu

Bana kuɗin motar Kano bai haɗu ba.
Na faɗa wa yaran da daddare, ina sosa ƙeya.
Jazuli ya juya wa tuwonsa baya,
Sha'awa kuwa ta ce, "To Baba, kai ka taɓa ganin Kumasi?"
Na yi dariya. Shekara talatin ina ɗinki a Aboabo,
na san kowane rami a titin nan,
amma dariyar ba ta yi nisa ba ta tsaya.

Asabar muka fita, yayyafin Agusta na biye da mu.
Inna Tasalla ta ce ita ba mai gadin gida ba ce,
ta ƙulle goro biyu a bakin zane,
muka cusa kanmu a tiro-tiro
kamar kifin gwangwani.

A harabar babban asibiti akwai takobi kafe a ƙasa,
an gina masa ɗaki shi kaɗai.
Mai tsaronsa ya ce tun kaka da kakanni ba wanda ya iya zare shi.
Jazuli ya naɗe hannun riga, ya tofa yawu a tafi,
na cafko wuyan rigarsa.
"Bar musu abinsu," in ji Inna,
"kowane gari da turken da ya ɗaure shi."

Kejetiya ba a shigarta da girman kai.
Sau biyu muna ɓata tsakanin masu atamfa da masu bandar kifi,
sai Inna ta ja birki, ta ɗaga hanci sama:
ɗanyen ganyen da ake naɗe goro, jiƙe da ruwa.
"Ƙanshin rigar ubana," ta ce.
Nan a tsakiyar turereniya ta kwance mana labarin kakanta,
jakai tara, kanwa da jan fata,
wata uku ƙafa na cin ƙasa.
Ya zo sarin goro na shekara guda,
ya ga wata mai ƙosai, hanyar gida ta ɓace masa.

Mun ci wake da shinkafa a ganye, a tsaitsaye,
Jazuli na hawayen yaji, yana cewa a ƙaro.

Kafin la'asar, tsohon gidan soja mai jan bango.
Manyan bindigogi sun yi tsatsa, baki buɗe kamar masu hamma.
A ciki wani hoto da ya dushe:
sojoji ba takalmi, jar dara a ka,
Bature a kujera a tsakiyarsu.
Sha'awa ta matsa ta karanta rubutun ƙasa,
ta juyo a hankali.
"Baba, an ce Hausawa ne.
Da su aka zo yaƙar garin nan?"

Na laluba aljihu ina neman amsa,
na taɓo tikiti da allin ɗinki.

Inna ta daɗe tana duban na uku daga hagu,
wani siriri mai tsage a kumatu.
"Wani ya zo da jaki, wani ya zo da bindiga.
Ciki ɗaya kan haifi duka biyun.
Rubuta su a littafinki, 'yar nan,
kada ki zaɓi wanda ya fi daɗin faɗa."

A hanyar gida ruwa ya kece.
Jazuli ya yi barci a kafaɗata,
hannunsa damƙe da ƙyallen kente na sidi goma.
Inna ta kwance bakin zane, ta ɓare goron ƙarshe,
ta miƙa rabi ga wata tsohuwa Batoniya a gefenta.
Matar ta karɓa da hannu biyu,
ta ce "Na gode" da Hausa,
Inna ta mayar mata da harshensu.

Sha'awa ta ce, "Gobe kuma ina?"
Akwai babbar rigar Alhaji Mudi a kan keke,
ban ko sa mata wuya ba.
Na ce, rigar ta jira.